Gindin Kwalba

Yagana ta dawo Gaya daga asibitin Kano da ciwo biyu. Na farko kowa yana ganinsa: hannun dama ya ƙage, yatsu sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa. Na biyun ba ta faɗa wa kowa ba. Tun ranar da adaidaita sahu ta kife da su a hanyar Ajingi kanta ya bugi kwalta, hancinta ya mutu. Ba ta jin ƙanshi, ba ta jin wari. Ko taya aka ƙona a gabanta sai dai ta ga hayaƙi.

Da wata ce, sai ta gode wa Allah da abin ya tsaya a hanci. Amma Yagana mai humra ce, 'yar mai humra, jikar mai humra. Kakanninta sun taso daga Barno tun da daɗewa suka zauna a Gaya, kuma abin da matan gidan suka zo da shi ke nan. Kafin haɗarin, mace na yin sallama a ƙofa Yagana za ta faɗa mata abin da ta shafa, ta kuma ƙara mata da faɗa idan na kanti ne. Mace irin wannan ta buɗe baki ta ce hancinta ya mutu? Ta gwammace a ce hannu ne. Ta ce wa kowa ba ta iya dakan farcen humra da kajiji yanzu, ta rufe kayan haɗinta ta tura ƙarƙashin gado. Ta ƙudura a ranta ko mijinta Kolo ba zai sani ba.

Matar da ke mata gashin ƙashi a asibiti ta sallame ta da wata 'yar ƙwallon roba, ta ce ta riƙa matsawa safe da yamma. Yagana ta matsa kwana biyu ta wurgar, ta ce ita ba ta ga ranar wasan yara ba. Daga nan sai zama. Ta rame, ta daina kitso, ta daina fita ko barka. In aka gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Baƙin ciki ne ƙarara yake cin ta, ba wani abu ba.

Wata safiya tana neman zane a akwatin marigayiya uwarta, hannunta ya taɓo tsofaffin kwalaben turare, irin masu murfin gilashi da ake murzawa. Ta ɗauki ɗaya da hagu, ta ɗora yatsun dama a kan murfin. Ya ƙi. Ta zauna a kansa tun hantsi, gumi na zuba, yatsun na zogi har kafaɗa, sai da aka kira azahar murfin ya ce ƙis ya juya. Ta yi kuka sosai ranar. Washegari ta ɗauko ta biyu.

Abin da ƙwallon roba ta kasa, gilashi ya yi. Gilashi ba ya yafe wa hannun da ya yi sakaci, dole yatsa ya koyi riƙo ko a yi asara. Ta wanke na uwarta da babu komai a cikinsu kaf, ta goge, ta jera a taga rana na ratsa su. Da suka ƙare ta shiga maƙwabta tana tambaya. Da na maƙwabta suka ƙare, matar da ta rantse ba ta ƙara hawa adaidaita ta yafa mayafi ta hau, ta nufi ƙauyukan Ajingi, inda tsofaffi ke da kayan jeren da jikoki suka raina. Tana dawowa da kofunan shayi masu bakin zinare na alhazan da, da tambulan masu kauri, da ƙwan fitila, da faranta masu ruwan zuma. Ta wanke da yashi mai laushi da tsumma, ta ɗauki hoto ta ɗora a waya, matan Kano masu son ƙawata falo su aiko direba.

Mutanen Gaya kuwa ba sa ganin abu su bar shi. Aka ce Hajiya Yagana ta shiga bola-jari. Ta ji, ta yi dariya, dariyarta ta farko tun haɗarin. Yatsu biyu sun riga sun miƙe, na ukun yana hanya, masu magana su yi ta yi.

Komai tana wankewa ban da abu ɗaya. A gidansu ba a wanke tsohuwar kwalbar turare mai gindi. Gindi shi ne wannan maiƙon da ke kwanciya a ƙasa shekara da shekaru, ya yi duhu ya yi kauri. Uwarta takan ce wanda ya wanke shi ya zubar da wahalar matan da suka riga shi, domin in aka zuba sabuwar humra a kansa takan yi kama jikin da sabuwar kwalba ba ta bayarwa. Sharaɗin guda ne: kafin a yarda da gindi sai an shinshina. Ƙauye ne, kwalba takan yi yawo, yau turare gobe kananzir. Yagana ba ta daina shinshinawa ba. Takan kai kwalba hanci a gaban masu ita, ta lumshe ido, ta jinjina kai kamar da. Abin da ke shiga hancin nata iska ce kawai.

A gida ma haka take fama. Ranar da tuwo ya kama tana zaune dab da murhu ba ta sani ba, ta kwashe ta kai wa Kolo gabanta na faɗuwa. Ya cinye tas ya ce an gode. Bayan 'yan kwanaki ya ɗauke tukunyar gas daga kicin ya kawo buhun gawayi, wai gas ya yi tsada. Yagana ta yi ta mita, ta ce tsufa ya zo masa da maƙo. Kolo mutum ne mai sayar da hatsi a kasuwar Gaya, ba ya jayayya da mai ciniki balle matarsa. Ya saurara ya sa hularsa ya fita.

Bayan an gama girbin wake aka yi mata kwatancen wata tsohuwa a Toranke, Kulu, wai tana da kwalbar da uwarta ta zo da ita daga Makka tun zamanin tafiyar ƙasa. Yagana ta same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube, domin yanar ido ta rufe mata gani. Ɗanta Ɗanladi, wanda ke riƙe da gidan, yana gona.

"Iya, an ce kina da tsohuwar kwalba."

"Tana nan in ba su fasa ba, 'yar nan. Rabona da ita tun ina gani. Shiga ki duba, da tana cikin kwalla."

Ɗakin ya zama rabin rumbu. Buhunan wake sun kai rufi, injin feshi na rataye a ƙusa. Babu komai a kwallar sai tsummoki. Can Yagana ta hango kwalbar a saman katanga, a lungun da ke tsakanin bango da kwano, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Sai da ta taka buhu ta sauko da ita. Shuɗiya ce mai duhu, mai dogon wuya, an yanka mata gefe-gefe, murfinta na gilashi kamar ɗan kubba. Babu ƙura a jikinta sosai, amma Yagana ba ƙura take dubawa ba. Ta ɗaga ta a hasken ƙofa ta ga gindi ya kai kaurin yatsa biyu, yana motsi a hankali. Ba ta taɓa ganin mai yawa haka ba.

Ta fito tsakar gida, ta murza murfin, ya buɗe ba gardama. Ta kai hanci, ta lumshe ido. Idanun suka yi mata yaji, maƙogwaronta ya ɗan kama. Ta mayar da murfin da sauri.

"Yaya, da saura?" in ji Kulu.

"Da ransa, Iya. Turaren da ba irin na yanzu ba ne, har ido yake shiga."

Suka daidaita, ta naɗe kwalbar a gefen zane ta kamo hanya. Wannan kam ba ta sayarwa ba ce, ta riga ta san inda za ta. Surayya, 'yar yayarta Batula, ta haihu haihuwar fari, tana wankan jego a gidan uwarta a Gafasa. Tun Surayya na ƙarama Yagana ke cewa ita za ta haɗa mata humrar jego da hannunta. Da aka yi haihuwar babu wanda ya tuna mata, ko Batula da suka yi waya ba ta ɗauko zancen ba, kuma shirun nan ya fi komai ci mata rai. Wato an cire ta a lissafi ke nan. To, za su gani.

Kolo na fita kasuwa ta jawo kayan haɗi daga ƙarƙashin gado. Ta soya farce, ta daka da hannun da aka ce ya mutu, ta tankaɗe sandal, ta auna madarar turare da murfin da ta saba aunawa. Hannu bai manta awo ba. Ta buɗe shuɗiyar kwalbar ta ajiye a tire tana tace haɗin, kafin ta juyo ƙudaje uku sun faɗi a tiren suna juyi a bayansu. Ta kalle su. Ta kaɗe su da gefen hannu, ta ce zafin turare ne. Ta ɗura humrar a kan gindin, ta girgiza har suka zama abu ɗaya, ta rufe ta ɓoye don ta tsumu. Yinin ranar kanta ya yi ta sarawa, yawu na taruwa mata a baki. Tun haɗarin dama kan yakan yi mata haka wani lokaci, sai ta sha magani ta kwanta.

Ana jibi suna ta isa Gafasa da hantsi. Batula na bayan gida wajen tukunyar ruwan wanka, tana faɗa da itacen da ya ƙi kamawa, suka gaisa a tsaitsaye. Surayya na ɗaki, ta fito daga wankan safe ke nan, jikinta na tururi, ɗaurin ƙirji ne a jikinta. Jaririn na kwance a gefenta, namiji ne, jajir, da gashi kwance luf.

"Inna, sannu da hanya. Da kin bari sai ranar suna, ga hannunki."

"Hannuna ya fi naki ƙwari. Rufe ido."

Ta kwance kwalbar daga zane. Surayya ta buɗe ido ta riƙe baki, ta ce ba ta taɓa ganin kwalba mai kyan wannan ba. Yagana ta ba ta labarin Makka da tafiyar ƙasa da gindin da ya girmi uwarta, sannan ta murza murfin ta miƙa mata.

"Ji nan."

Surayya ta kai hanci. Ta ɗan janye kai. Ta dubi ƙofa, wajen da muryar uwarta ke tashi, ta dawo da ido kan Yagana. Yagana na kallonta ba ƙiftawa, domin hancin yarinyar nan ne zai faɗa mata ko har yanzu ita ce.

"Ya yi daɗi, Inna," in ji Surayya.

"Da gaske?"

"Wallahi kin yi ƙoƙari. Yana da ƙarfi dai."

"Gindin ne. Kawo wuyan."

"Inna, ko in bari sai anjima?"

"Yanzu da jiki ke da ɗumi ake shafawa, ke me kika sani?"

Ta tsiyaya a tafin dama, ta mulke mata wuya da kafaɗu da saman ƙirji da damatsa, ta ƙara tsiyayawa ta bi ta baya. Ba ta yi rowa ba. Surayya ta yi tari sau ɗaya ta ce ba komai. Jaririn ya motsa ya fara neman nono, uwar ta ɗauke shi ta kwantar a ƙirji, kuncinsa a kan fatar da ke sheƙi. Yagana ta tsaya tana kallonsu, daɗi ya cika ta har ta ji ƙwalla. Ta rufe kwalbar ta sa a bayan labule, ta ce a ƙara bayan wankan yamma. Ta ƙi tsayawa kunun kanwa, wai tana da masu zuwa ɗaukar kaya daga Kano.

A hanya tafin hannunta ya riƙa tsatsafo da gumi shi kaɗai, naman hannun na rawa ƙasa-ƙasa. Zuciyarta na tashi. Ta sa mai adaidaita ya tsaya ta yi amai a gefen titi, ta kuskure baki da ruwan leda, ta wanke hannun, ta ce masa ramukan hanya ne. Hasken rana ya yi mata wani iri, kamar an rage shi.

Ta iso gida bayan la'asar ta tarar da babur a ƙofa. Kolo na zaure a tsaye, abin da ba ya yi, tare da wani baƙo mai ƙurar gona a ƙafa. Ba wanda ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa.

"Yagana, wannan Ɗanladi ne daga Toranke," in ji Kolo. "Ɗan tsohuwar da kika sayi kwalba wurinta."

"Hajiya, ina yini. Ki gafarce ni, yau na je ɗauka zan sa wa wake na ga babu, sai Iya ke faɗa min. Kwalbar ba turare ba ne a ciki. Fiya-fiya ce, maganin ƙwari, tsantsarta, wadda ba a sirka ba. Robar da na sayo ta a ciki ce ta tsage, na ga wannan murfinta na kamawa, na juye na ɗora sama saboda yara." Ya share goshi. "Na ce dai da sauƙi tunda ke ce. Kina buɗewa za ki ji, warinta ko jaki ya sani. Kin zubar ko?"

Yagana ta dafa bango. Ta ji Kolo na kiran sunanta daga nesa. Bai tambaye ta ko ta shinshina ba, bai tambaye ta komai ba sai abu ɗaya.

"Tana ina?"

"Gafasa," ta ce. "Na shafa wa Surayya."

Kolo ya kira wayar Batula, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya kira ta Surayya, haka. A kira na uku mijin Batula ya ɗauka, ana jin ƙugin mota da muryoyin mata a bayansa. Ya ce suna hanyar asibiti, mai jego ce ke amai da gumi ba ta gani sosai, yaron kuma ya saki, kumfa na fita ta bakinsa. Sun ɗauka ko iska ce. Kolo ya faɗa masa abin da ke jikinsu, ya ce a tuɓe su a wanke da sabulu ko a gefen hanya ne, a faɗa wa likita da zarar an isa.

Su uku suka hau babur ɗin Ɗanladi.

Batula na zaune a barandar asibitin a ƙasa, ba takalmi, mata biyu na gefenta. Kwalbar, wadda aka aika gida aka ɗauko, na gabanta ƙulle cikin baƙar leda. Wata ma'aikaciya ta fito tana tambayar wa ya san ainihin maganin, Ɗanladi ya faɗi sunansa ya bi ta ciki. An kwantar da Surayya a ɗakin mata. Yaron an shiga da shi ɗakin da ke kusa an rufe ƙofa, ubansa kaɗai aka bari.

Yagana ta tsaya a gaban yayarta. Abin da ta ɓoye kusan shekara ya taso mata, ta ga ba shi da nauyin komai yanzu.

"Yaya, ba na jin ƙanshi. Tun haɗarin. Ban ji abin da ke cikin kwalbar ba."

Ta jira a yi salati. Matan biyu suka sunkuyar da kai. Kolo ya juya yana kallon motoci.

"Mun sani," in ji Batula. Muryarta a dushe take, babu faɗa a ciki. "Tun satin da aka sallamo ki. Na shigo miki da turaren kanti a jikina, na zauna a bakin gadonki, ba ki ce uffan ba. Na fita na samu Malam Kolo, ashe shi ma ya lura. Muka ce a rufa miki asiri, kar wanda ya nuna miki." Ta kalli ledar. "Ni na tara yaran nan na ja musu kunne. Da bakina."

Ashe duk lumshe idon nan da jinjina kai, a gaban mutanen da suka sani Yagana take yi, suna tausaya mata suna kawar da kai. Kunya ta rufe ta, amma tsoro ya fi kunyar yawa.

Ma'aikaciyar ta leƙo ta ce mai jegon na kiran Innarta.

An ɗaura wa Surayya ƙarin ruwa, an sa mata rigar asibiti, gashinta a jiƙe. Fatar wuyanta ta yi ja. Ta juyo da kai a hankali tana neman inda Yagana take.

"Inna."

"Ga ni, Surayya." Ta durƙusa a bakin gadon. "Kin ji warin?"

"Na ji."

"To me ya sa kika bari?"

"Na zaci awo ne ya kuɓuce miki. Umma ta ce duk abin da kika kawo mu ce ya yi daɗi." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Kuma na ga yadda kike kallona. Na ce in kin tafi zan wanke, sai ya kama nono, barci ya ɗauke mu."

Ta rufe ido, Yagana ta zaci ta koma barci. Sai ta sake buɗewa.

"Inna, ina yaron? Kowa na tambaya sai ya ce yana nan. Ke ki faɗa min."

Bango ɗaya ne tsakaninsu da ɗakin, bangon ma bai kai rufi ba. Yagana ta ɗaga kai. Kunnenta lafiya lau yake, haɗarin bai taɓa shi ba. Tana jin takun takalma da sauri, da ƙarar ƙarfe a kan tire, da muryar uban yaron yana addu'a ƙasa-ƙasa. Ta kasa kunne sosai, ta riƙe numfashi, ba ta ji kukan jariri ba.